Zubin Dalmar Birgi da Fatsa a Gida: Tambayoyi da Amsoshi kan Abin da Ke Ɓata Aiki

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masunta da masu saƙar raga da suka gaji da tsadar dalmar kasuwa suka fara zuba tasu. Daga Yawuri har Nguru kukan ɗaya ne: an narka, an zuba, an buɗe mazubi, abin da ya faɗo bai yi kama da na kasuwa ba. Na sa wa tambayoyin lamba saboda amsoshin suna jingina da juna. Wanda bai taɓa narka dalma ba, sai ya fara karanta ta 12 da ta 15 kafin ya hura wuta.

1. Wace irin dalma ta fi dacewa?

Ya danganta da yadda za ka ɗaura ta. Idan matse ta za ka yi a jikin igiya da awartaki, sai dalma zalla mai laushi, wadda farce yake iya yi mata zane, idan ta faɗi a siminti kuma ka ji "ɗif" babu ƙara. Irinta ce a tsofaffin bututun ruwa da kuma rigar manyan wayoyin da ake binnewa a ƙasa. Idan kuwa mai huda ce da za a zura wa igiya, ko ta fatsa mai kunnen waya, to mai ɗan tauri ma ta yi, kamar 'yan dalmomin da ake maƙala wa bakin wilin mota don daidaita taya. Waɗannan akwai ɗan wani ƙarfe da ake kira antimoni a cikinsu, shi ke sa su tauri.

Sai dai ba duk abin da 'yan gwangwan suka auna maka a matsayin dalma ne dalma ba. Tun 2005 Tarayyar Turai ta hana amfani da dalma wajen daidaita tayar ƙananan motoci, aka koma tutiya da baƙin ƙarfe, kuma motocin nan ne ke shigo mana ta Kwatano. Yadda ake tsince su yana tambaya ta 10.

2. Da wace tukunya zan narka, a kan wace wuta?

Tukunyar baƙin ƙarfe mai kauri, wadda ba a haɗa ta da liƙi ba. Kada ka yi amfani da tukunyar alminiyom ta girki. Gaskiya ne alminiyom ba ya narkewa sai digiri 660 a ma'aunin Selshiyos, dalma kuwa 327, amma tun kafin ya narke ƙarfinsa ya tafi, ga nauyi a kansa: lita ɗaya ta narkakkiyar dalma ta haura kilo 10. Gindin tukunyar ne ke ɓallewa ba sallama. Murhun ma ya zama mai zama daram. Gawayi ya isa, gas ya fi shi sauƙin sarrafawa. Tukunya da ludayin da suka taɓa dalma sun yi bankwana da abinci har abada, ko na awaki ne.

3. Ba ni da ma'aunin zafi. Ta yaya zan san ta yi?

Zafin da ake so tsakanin digiri 350 ne da 400. Ɗebi ludayi ɗaya ka tsiyayar cikin tukunyar. Idan ta zubo kamar ruwa ta bar ludayin fes, ta yi. Idan tana barin ɓawo a bakinsa, da saura. Akwai kuma gwajin tsofaffi: a tsoma busasshen tsinken itace a ƙirga biyar. Ya fito da launin toyayyen ƙosai, daidai ne. Ya kama da wuta nan take, an zarce. Idan kuwa gindin tukunya ya fara ja a cikin duhu, ka wuce 500, kuma daga nan ne dalmar ke tashi cikin iska ka shaƙe ta. Janye gawayi.

Abin da sababbi ba su cika lura da shi ba: zafi biyu ake kiwo, na tukunya da na mazubi. Rabin tambayoyin da ke ƙasa na mazubin ne.

4. Me ya sa take fitowa da tamoji da layi-layi a jiki?

Mazubi ne bai yi zafi ba. Dalmar da ta fara shiga ta daskare a bango kafin ta bayanta ta iso, sai suka hau juna ba su haɗe ba. Ɗora mazubin a bakin murhu tun lokacin da ka hura wuta, sannan ka ɗauka cewa zubi goma na farko na ɗumama shi ne, ka ajiye su gefe su koma tukunya. Da hunturu abin ya fi tsanani, musamman mazubin alminiyom, wanda ke saurin ɗaukar zafi kuma yake saurin sakinsa. Ka kafa kariya ta ɓangaren da iska ke kaɗawa, kuma kada ka tsaya juya kowace ɗaya kana yaba ta alhali mazubi yana buɗe yana shan iska.

Idan mazubi ya yi zafi har ba ya taɓuwa amma tamojin na nan, mai ne a ciki. Sabon mazubi yakan zo da man injin da aka sassaƙa shi da shi, wani kuma da hannunsa yake shafa baƙin mai wai don kada dalma ta kama. Man na ƙonewa ya zama hayaƙi, hayaƙin ya tsaya tsakanin dalma da bango. A wanke da sabulu da ruwan zafi da tsohon buroshi, a busar sarai a kan wuta. Maganin kamawa daban ne, yana tambaya ta 9.

5. Ba ta cika mazubi, ƙasa ko kusurwa sai ta fito dungu. Ina matsalar?

Fara da abin da ke tambaya ta 4, domin sanyi ne ya fi jawo wannan. In ba shi ba ne, duba hannunka. Zubi ɗaya ake yi, tsaye, ba ɗis-ɗis ba, ba kuma a tsaya a tsakiya a ci gaba. Bayan nan sai iska: mazubi ba fanko yake ba, cike yake da iska, in ba ta sami hanyar fita ba dalma ba za ta shiga gurbinta ba. Ja siririn layi da bakin allura ko reza daga kusurwar da ke ƙin cika zuwa gefen mazubin, sirantarsa kamar gashi. Iska za ta bi, dalma ba za ta iya ba. Ƙofar zubi in ta cika ƙanƙanta a ɗan buɗa ta.

Dabara ta ƙarshe ita ce kuza. Kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na sa dalma ta kwanta a kowane lungu. Ba sai ka nemi kuza zalla ba: wayar liƙi ta masu gyaran rediyo, mai lamba 60/40, kashi 60 nata kuza ne, don haka giram 80 zuwa 100 ya ishi dalma kilo 5. A ganina kuwa, ga dalmar birgi wannan kashe kuɗi ne a banza. Gyara zafi tukuna.

6. Tawa tana fitowa dishi-dishi kamar an barbaɗa mata gari, ba ta ƙyalli.

Zafi ya yi yawa, musamman in da antimoni a ciki. Ba aibi ba ne, nauyinta na nan, kuma kifi bai taɓa tambayar ƙyalli ba. Ka dai ɗan sassauta wuta, ka bar mazubi a buɗe daƙiƙa kaɗan tsakanin zubi da zubi. Kada ka tsoma shi a ruwa don ya huce.

7. Mazubi ɗaya, amma nauyinsu ya bambanta. Na yanka ɗaya na ga kogo a ciki.

Dalma na tsukewa idan za ta daskare, wajen kashi 3 cikin 100. Waje ke fara kamawa, ciki ya biyo baya, kuma yayin da cikin ke tsukewa yana janyo ƙari daga sama. In ka ɗauke ludayi da zarar ramin ya cika, ba abin da zai janyo, sai ya bar kogo. Saboda haka a bar ɗan tudu a kan ƙofar zubi. Zuba masa ido: za ka ga ƙyallinsa ya dushe, tsakiyarsa ta ɗan loɓa. Loɓawar nan ita ce shaidar ciki ya sha. Sai a ƙirga uku a buɗe.

Sauran dalilin shi ne gauraye. Santimita ɗaya ta kowace fuska na dalma zalla giram 11.3 ne, kuza da tutiya kuwa 7 da 'yan kai. Tukunyar yau da ta gobe in ba daga kaya ɗaya suke ba, nauyi ba zai zo ɗaya ba. Ga fatsa wannan ba komai ba ne. Ga birgi akwai magana, domin gefen da ya fi nauyi shi ke riga nutsewa, kifi ya sulale ta ɗaya gefen. Masu hikima sukan narka duk abin da suka tara a tukunya guda, su zuba shi sanduna, su riƙa aiki daga sandunan. Kafin ɗauri kuma a auna goma-goma a sikeli, a raba masu nauyi da marasa nauyi ko'ina a kewayen ragar.

8. Ana samun siririn fiffike a inda mazubi ya haɗu. Sai na kankare?

Sai ka kankare. A duk aibobin da ke shafin nan wannan ne ke cin kuɗi, domin fiffiken da kaifi yake, shi ke cin zaren raga a hankali har ranar da za ka jawo birgi ka ga gindinsa a yage. Haka bakin huda in ya yi kaifi, yana gurzar igiya. A bi shi da wuƙa a zagaye. Wuƙa ta fi magagari, saboda tana fitar da ɓawon da za ka tsince, magagari kuwa gari yake yi.

Asalinsa mazubi ne bai rufu ba. Buɗe ka duba fuskokin biyu a rana: sau da yawa ɗan ɗigon dalma ne kamar ƙwayar gero ya manne. Cire shi da tsinken itace tun mazubin na da zafi, kada ka sa ƙarfe. In ba ka ga komai ba, rufe shi ka ɗaga sama. Haske na ratsawa? To ya kantare, ko kuma 'yan ƙusoshin da ke daidaita shi sun ci. Zafi mai yawa ma na sa dalma ta yi ruwa har ta bi layin iskar da aka ja a tambaya ta 5.

9. Tana maƙalewa, ƙusar da ake sa wa a mazubi don ta bar huda ma ba ta zaruwa.

Baƙin hayaƙi ne maganinsa. Riƙe cikin mazubi a kan harshen kyandir ko ashana har ya yi baƙi siriri, haka ma ƙusar. Ƙusa ta zama mai santsi marar tsatsa, a murɗa a zare ta tun dalmar na da zafi, domin in ta huce sai ta ƙanƙame ta. Ajiye ƙusoshi uku ko huɗu kana juya su. Idan buguwa ta kama, a buga marikin mazubi da guntun itace. Guduma a jikin mazubin alminiyom ita ce ke haifar da abin da ke tambaya ta 8.

10. Tukunyar ta yi kauri kamar fate, ta ƙi zubuwa. Me ya shiga?

Tutiya. Kaɗan daga cikinta ya isa ya lalata tukunya guda: sama ya yi gudaji, abin da aka zuba ya ƙi cika ko an ƙara wuta, ƙarin wutar ma ƙara narkar da ita yake yi. Rigakafinta a wajen tsinta yake. Mai alamar Zn tutiya ce, mai Fe baƙin ƙarfe, mai Pb dalma. Marar alama a cije ta da awartaki: dalma na karɓar haƙori, tutiya sai dai ya zame. A siminti kuma tutiya na yin ƙara.

In wata ta kuɓuce maka, wuta ce za ta cece ka. Tutiya sai digiri 420 take narkewa, saboda haka muddin tukunya ba ta wuce 400 ba, za ka gan ta tana yawo a sama da siffarta, ka kwashe. Wanda ya zuga wuta don sauri shi ke narkar da ita. In ta riga ta shiga, rage wuta har dalmar ta kusa kamawa, ka yi ta kwashe gudajin. Abin da ya rage a yi manyan dalmomin taru da shi a buɗaɗɗen mazubi, kada a haɗa shi da mai kyau.

11. Baƙin datti na fitowa a jikinta, saman tukunya kuma yana yin shuɗi da ruwan zinariya.

Launin nan ba wani ƙarfe mai daraja ba ne, kamar yadda na ji wani yana rantsuwa. Dalma zalla ce iska ke ci saboda zafi. Datti kuwa sai an yi mata wanki: jefa kakin zuma ko guntun kyandir kamar ƙwayar gyaɗa, ko cokali guda na busasshen garin katako, a juya har ƙasa ana kankare bango. Zai yi hayaƙi, zai iya kamawa da wuta, ja fuskarka baya. Dattin zai taso ya zama toka, a kwashe, sama ya koma kamar madubi. In za ka ɗiba, ture saman da bayan ludayi ka ɗebo daga ƙasa. Tokar nan a zuba ta a gwangwani mai murfi. Ta fi dalmar kanta haɗari, saboda gari ce.

12. Me ke sa tukunya ta yi bindiga ta watso dalma?

Ruwa ne da ya shiga ƙarƙashinta. Ɗigo ɗaya in ya zama tururi yana kumbura fiye da sau 1,600, ba shi da hanya sai ya ɗaga abin da ke kansa. Ni da tsofaffin dalmomin birgi na koya. Na yanko su daga wata ruɓaɓɓiyar raga, sun kwana biyu a rana, a ido sun bushe, ashe akwai danshin laka cikin hudar. Na watsa hannu guda a tukunya. Tabon yana bayan ƙafata har yau, kuma silifa ce a ƙafar ranar.

Ƙa'idar: tsohon kaya a tukunya mai sanyi ake zuba shi a hura wuta, danshin ya fita kafin komai ya narke. Abin da za a ƙara daga baya ya fara gasuwa a bakin murhu. Ludayi da mazubi ma haka, musamman da damina da sanyin asuba. Kada a yi aiki in hadari ya haɗu, ko a ƙarƙashin rumfa mai yoyo. Takalmi rufaffe, dogon wando na auduga, safar hannu ta fata, tabarau. Yadin roba narkewa yake yi ya manne a fata. In ƙuna ta faru, a yi nesa da tukunya a zuba ruwan sanyi na minti 20, ban da manja, ban da man goge baki, sannan a tafi asibiti.

13. Ina matse ta a igiya sai ta tsage.

Ta yi tauri, antimoni ya yi yawa. Irin wannan tana ƙara tauri cikin kwanakin da ke biyo bayan zubi, in kuma daga mazubi aka jefa ta ruwa sai ta fi haka. Shi ya sa wadda ta matsu lafiya ranar Asabar take tsagewa bayan sati biyu. A bar ta ta huce a kan busasshen buhun algarara, a matse da wuri, ko a haɗa ta da mai laushi kashi biyu bisa ɗaya. Duba tambaya ta 1.

14. Mazubin yumɓu, siminti ko katako yana yi?

Yana yi, da sharaɗi. Katako mai tauri zai ba ka 'yan dozin kafin ramin ya ƙone ya faɗaɗa, nauyi ya fara hawa. Yumɓu sai an gasa shi kamar tukunya, busarwar rana ba ta isa ba. Siminti da farar ƙasar ado suna riƙe ruwa a cikinsu makonni ko da waje ya bushe, kuma su ne suka fi tofo dalma a fuska. In ka ga ƙananan huda kamar na allura a jikin abin da ka zuba, ko ka ji mazubi yana tsuwa, tururi ne, tsaya. Mai zuba da yawa ya je wurin masu zubin tukwanen alminiyom da samfurinsa su yi masa mai fuska biyu.

15. A cikin gida zan iya yi, in na kori yara?

A'a. Korar yara na awa biyu ba ta kore ƙurar ba. Tana sauka a ƙasar tsakar gida inda ake rarrafe, inda ake shanya tsaba, kuma ba ta ruɓewa. A 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda ana niƙa duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka kawo sabuwa. A 2015 aka sake gani a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma jikin yaro ya fi na babba tsotse ta nesa ba kusa ba.

Wurin aiki ya zama a waje, nesa da rijiya da madafa, iska na kaɗawa daga bayanka. Shimfiɗa kwanon rufi a ƙasa ka tattare abin da ya zuba. Ba ci, ba goro, ba sigari sai an wanke hannu da sabulu. Kayan aiki su tsaya can, kada a haɗa wankinsu da na iyali. Mai ciki ba ta zuwa wurin. Ɗabi'ar matse dalmar fatsa da haƙori kuma a bar ta.

16. An ce shan madara bayan aiki yana wanke gubar.

Ba ya wankewa, manja ma haka. Ciwon ciki mai murɗa, taurin bayan gida, ciwon kai, kasala, raunin wuyan hannu, su ne alamun babba. Yaro kan yi amai, yawan barci ko jijjiga, wani kuwa ba ya nuna komai sai karatu ya gagare shi. Gwajin jini ne kaɗai ke nunawa. Akwai maganin da ke fitar da ita, da shi likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka yi wa yaran Zamfara aiki, amma likita ne ke bayarwa, kuma ba ya amfani in mutum ya koma cikin ƙurar.

17. Tsohon batirin mota fa? Ai shi ya fi araha.

Sayar da shi ka sayi dalma da kuɗin. Yawancin abin da ke jikin farantan batir ba ƙarfe ba ne, gari ne mai guba da ke tashi da zarar ya bushe, ga ruwan batir mai cin fata. Tokar da ke fita daga narka su kuwa, in ta haɗu da danshi, tana iya fitar da iska mai kisa. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a Senegal an daɗe ana fasa batir, har da yin dalmar ragar masunta da abin da aka ciro. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka mutu a can, ƙasar unguwar ce ta kashe su.

18. Na ajiye su wata uku, sun yi farin gari a jiki. Sun lalace?

Nauyinsu na nan. Danshi da iska ne suka ci samansu, kuma farin garin guba ne mai bin hannu. Kada ka goge shi a bushe, kada ka hura. Sa safar roba ka share da tsumma mai ɗan mai, ka jefa tsumman cikin gwangwanin tokar da aka ambata a tambaya ta 11. Nan gaba ka adana su a robar fenti mai murfi, a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, ba a ɗakin da hatsi yake ba.